Masu Ɗaukar Jinka Da Mai Ba Da Murya



Duk wanda ya taɓa zama a karkara har ya ga ranar da ake ɗora jinka a kan sabon ɗaki, ya san cewa karin maganar nan da muke yawan ja, mai cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, rabin zancen kawai ta faɗa, ta bar wa hankali ya cika sauran. Gama idan an gama ɗaure jinka a ƙasa, aka kira maƙwabta suka kewaye ta, kowa ya sa hannu, to, akwai wani mutum guda, galibi dattijo, wanda ba ya ɗaukar kome, sai dai ya ja da baya inda zai hangi ginin duka, yana cewa na gabas su ɗaga, na yamma su dakata, na bakin ƙofa su matso kaɗan. In kuwa aka rasa wannan mutum, ko aka sami uku irinsa kowa na ba da nasa umarni, sai ka ga jinkar ta karkace, tanka ta tsinke, wani lokaci ma har ta danne wa wani yaro ƙafa, alhali ba wanda ya zo wurin da mugun nufi, ba kuma wanda ya rage ƙarfinsa.

Abin da ya sa na kawo wannan misali shi ne maganar da nake so mu yi yau, watau yadda hukumomin raya ƙasa da ƙungiyoyin agaji, na gida da na waje, suke haɗa aikinsu idan wata babbar musiba ta auka wa al'umma, tun daga ranar da ake tsamo mutane daga ruwa ko daga ƙarƙashin ɓaraguzai, har zuwa shekarun da ake sake gina gidaje da makarantu da gadoji. Malamanmu na fiƙihu sun sanya ceton wanda ke bakin halaka, da ciyar da mayunwaci, da suturta mamaci, a babin farillar kifaya, wadda in wasu sun tsayu da ita ta sauka daga wuyan saura, in kuwa kowa ya bari, laifi ya hau kan kowa. Amma akwai wata mas'ala a cikin wannan hukunci da ba a cika tsayawa a kanta ba, ita ce ta yaya za a san cewa kifayar ta samu. Jana'iza guda a unguwa guda, ido ya isa shaida. Mutum dubu ɗari biyar kuwa da suka watsu a makarantu da masallatai da gefen hanya, ido ba ya iya kewaye su, sai lissafi, lissafin kuma ba ya amfani sai ya taru a hannu guda. Tun da kuwa malaman usulu sun ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, to, littafin da ake rubuta wa ya samu, wa bai samu ba, yana cikin farillar, daidai da buhun masara.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne a wurin Musulmi. A shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin da fari ya game Hijaz har ƙasa ta koma kamar toka, abin da ya sa masu tarihi ke kiranta Shekarar Toka, mutanen ƙauye suka kwararo Madina da iyalansu, Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya rubuta wa gwamnoninsa na Sham da Iraƙi su aiko da abinci, suka kuwa aiko, ayari bayan ayari. Abin da aka fi ambata a wa'azi shi ne yadda Halifa ya ƙaurace wa nama da man shanu har launin jikinsa ya sauya, kuma lalle ya cancanci ambato. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ya naɗa mutane, kowanne da yankin da zai kula da shi a kewayen birnin, su yini suna rabo, da dare su taru wurinsa su ba da bayanin abin da suka gani, ya kuma sa aka ƙidaya masu cin abinci a wurinsa da waɗanda ake kai wa har masaukinsu. Amru ɗan Asi, ɗaya daga cikin waɗanda aka rubuta wa, ya aiko da hatsi, amma bai biyo hatsin da nasa ma'aikatan rabo da nasa littafi da tasa tuta ba.

Duniyar zamaninmu ta daɗe kafin ta koyi wannan darasi, da tsada kuma ta koye shi. A watan Disamba na 1991 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 46/182, wanda ya kafa muƙamin babban jami'i mai daidaita agajin gaggawa, ya kuma tabbatar da cewa ƙasar da musiba ta faɗa wa ita ce mai haƙƙi na farko, mai nauyi na farko, wajen tsara agaji a cikin iyakarta. Ba a cika shekara uku ba sai ga abin da ya faru a Goma a 1994, inda ɗaruruwan dubban 'yan Ruwanda suka tsallaka zuwa gabashin Zayar, watau Kwango ta yau, cikin 'yan kwanaki, kwalara da atuni suka kashe kimanin mutum 50,000 a wata guda, alhali ƙungiyoyi sun cika wurin maƙil. Kunyar wannan ce ta sa manyan ƙungiyoyin agaji suka zauna daga 1997 suka rubuta mafi ƙarancin abin da ya wajaba a ba ɗan Adam a sansani, kamar lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a rana, da masai guda ga kowane mutum 20. A 1998 aka kafa ofishin Majalisar na daidaita agaji da ake kira OCHA, sa'an nan a 2005 aka fito da tsarin rukuni-rukuni, wanda aka fara gwadawa a girgizar ƙasar Pakistan ta watan Oktoba na wannan shekara: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja gaban masu aikin lafiya, UNICEF ta ja gaban masu ruwa da tsabta, Hukumar Abinci ta Duniya ta riƙe sufuri da rumbuna, haka dai.

Tsari ne mai kyau, ban kuwa raina shi ba. Sai dai a lura, shi wannan ofishi ba shi da sanda, roƙo yake yi da shawara, domin kowace ƙungiya, komai kyan niyyarta, hisabinta yana wurin wanda ya ba ta kuɗi ne, a can Turai ko Amurka ko ƙasashen Larabawa, shi kuwa mai kuɗin yana son ya ga hoto da tambari, yana son a kashe kuɗinsa kafin shekarar kasafinsa ta ƙare. Daga nan ne ake samun tseren zuwa ƙauyen da ke bakin kwalta, da son gina asibiti mai fenti fiye da haƙa masai, gama ba a cika ɗaukar hoto a gaban masai ba.

To, bari mu duba ƙasashe biyu da Allah ya jarrabe su da manyan musibu, shekara biyar tsakani, mu ga inda suka bambanta.

Ranar Lahadi 26 ga Disamba 2004, wajen ƙarfe takwas na safe, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku yamma da tsibirin Sumatara na Indunusiya, girgizar da ta kai 9.1 a ma'aunin masana, ta tayar da igiyar ruwan nan da ake kira tsunami, wadda ta kashe kimanin mutum 230,000 a ƙasashe 14, har gaɓar Somaliya ba ta tsira ba. Lardin Aceh, wanda mutanensa Musulmi ne masu riƙo da addini har ake yi masa kirari da Zauren Makka, domin daga nan alhazan tsibiran ke shiga jirgin ruwa a zamanin da, shi kaɗai ya rasa fiye da mutum 160,000, wasu kimanin rabin miliyan suka wayi gari ba matsuguni. Har yau in ka je birnin Banda Aceh za a kai ka ka ga wani jirgin ruwa mai ɗauke da injin wutar lantarki, nauyinsa tan 2,600, yana zaune a tsakiyar unguwa tsakanin gidajen mutane, fiye da kilomita 2 daga bakin teku, a daidai inda ruwa ya sauke shi. An bar shi nan don masu zuwa baya su auna da idonsu.

Duniya ta buɗe aljihu irin buɗewar da ba a saba gani ba, ƙungiyoyi ɗaruruwa suka sauka a lardin da kafin wannan rana yake rufe ga baƙi, saboda yaƙin da ake yi tun 1976 tsakanin gwamnati da 'yan awaren GAM. Watannin farko kuwa sun kasance irin jinkar nan marar mai ba da murya. Ƙungiya ta kafa allonta a bakin ƙauye tana cewa nan nata ne, ta hana wata shiga, sa'an nan ta yi watanni ba ta aza tubali ba. Aka raba wa masunta jiragen da wasunsu ba su iya jure tekun wurin. Aka yi gidaje da ɗanyen katako wanda gara ta cinye, sai da aka sake su. Farashin siminti da katako da ladan magina ya yi tashin gwauron zabo, domin masu kuɗi da yawa suna neman abu guda a kasuwa guda.

A watan Afrilu na 2005, bayan wata girgizar ta sake rushe tsibirin Nias a ƙarshen Maris, Shugaba Susilo Bambang Yudhoyono ya kafa hukuma guda ta sake gina Aceh da Nias, wadda aka fi sani da BRR, ya ɗora mata wani tsohon minista, injiniya da aka shaida da riƙon amana, Kuntoro Mangkusubroto. Abin da ya kamata mai sauraro ya kula da shi shi ne yadda aka gina hukumar. An ajiye hedikwatarta a Banda Aceh, a cikin laka da ɓaraguzai, maimakon Jakarta mai nisan tafiyar sa'o'i a jirgin sama. An ba shugabanta darajar minista, yana magana da shugaban ƙasa kai tsaye. An yanka mata shekara huɗu, in sun cika ta naɗe tabarmarta, don kada ta zama gadon wasu. Sa'an nan ta kafa wata ƙa'ida mai sauƙin faɗa: duk wanda ya zo da nufin gina wani abu, gwamnatin waje ce ko ƙungiya, babba ko ƙarama, sai ya rubuta 'yar takarda yana bayyana abin da zai yi, a wane ƙauye, da kuɗi nawa, zuwa yaushe, a duba ta, a shigar da ita cikin kundi guda wanda kowa ke iya buɗewa a intanet. In an ga ƙauyen da ka zaɓa ya riga ya sami mai gina masa makaranta, sai a nuna maka wanda bai samu ba. Hukumar ba ta tsaya ga umarni kaɗai ba, ta haɗa shi da abin da baƙi ke matuƙar buƙata, gama ta tara jami'an biza da kwastan da haraji a ofishi guda, wanda ya bi ta ƙofarta ya sami sauƙin takardun zamansa da fito da kayansa daga tashar jiragen ruwa. Ta kuma kafa sashen yaƙi da cin hanci a cikin gidanta, domin ta san sunan da ƙasar ta yi a wannan fage, ta san kuma baƙo ba zai miƙa littafinsa ga wanda yake zargi da sata ba.

Masu ba da kuɗi su 15, ciki har da Tarayyar Turai, suka zuba fiye da dala miliyan 600 a asusu guda wanda Bankin Duniya ya riƙe, ana zama tare da hukumar a yanke inda za a kashe. Amma abin da ya fi burge ni a labarin Aceh shi ne maganar filaye. Ruwa ya share iyakokin gidaje, ya jiƙa takardun ofishin ƙasa, masu filayen da yawa kuma sun rasu, sun bar marayu da zawarawa. Sai aka mayar da al'amarin ga mutanen kowane ƙauye, waɗanda suka rage su zauna su zana taswirar garinsu, su shaida cewa daga bishiyar nan zuwa rijiyar can gidan wane ne, maƙwabta su sa hannu, kotunan Shari'a kuma su yanke hukuncin gado da na waliyyan marayu. Wannan aiki ba wata ƙungiyar waje da za ta iya yinsa, ko da ta zo da dukiyar Ƙaruna. Ranar 15 ga Agusta 2005 kuma aka sa hannu kan sulhu a Helsinki, bisa shiga tsakanin tsohon shugaban Finlan, Martti Ahtisaari, yaƙin kusan shekara talatin ya ƙare, magina suka sami shiga ƙauyukan da a da ba sa shiguwa.

Ba na cewa aikin ba shi da aibi. Shekara guda bayan musibar dubban mutane suna nan a tantuna suna jira, an kuma gina wasu unguwanni nesa da teku, masunta suka ƙi tarewa, gidajen suka zama kufai tun suna sababbi. Duk da haka, da watan Afrilu na 2009 ya zo, hukumar ta rufe ƙofarta kamar yadda aka yanka mata, bayan an gina gidaje kimanin 140,000, da hanyoyi da makarantu da asibitoci, akwai kuma kundin da za a buɗe a ga wa ya gina me.

Sai Haiti. Ranar Talata 12 ga Janairu 2010, gab da ƙarfe biyar na yamma, girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.0 ta afka wa babban birnin ƙasar, Port-au-Prince. Gwamnati ta ce mamata sun haura 300,000, wasu masu bincike sun kawo adadin ƙasa da haka, mutum miliyan ɗaya da rabi kuwa suka koma sansanoni. Fadar shugaban ƙasa ta rushe, mafi yawan ma'aikatun gwamnati suka rushe da ma'aikatansu a ciki, ita kanta Majalisar Ɗinkin Duniya ta rasa ma'aikata 102, har da shugaban rundunarta a ƙasar, Hédi Annabi, mutumin Tunisiya. Tun kafin girgizar ana yi wa Haiti ba'a da cewa jamhuriyar ƙungiyoyi ce, saboda yawan waɗanda ke gudanar da makarantu da asibitocinta. Bayan girgizar sai abin ya zama ba a magana.

An kafa tsarin rukuni-rukunin nan, an kuma yi taruka ba adadi. Amma a ina aka yi su? A wani sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya kusa da filin jirgin sama, mai shinge da sojoji a ƙofa, wanda ba a shigarsa sai da katin izini, galibi kuma da Turancin Ingilishi ake magana, a ƙasar da jama'arta ke magana da Kiriyol, masu ilminta da Faransanci. Ka ɗauka kai ne shugaban wata 'yar ƙungiya ta unguwa, ka san kowane lungu da kowace tsohuwa da ba ta iya fitowa layi, ka ratsa birnin da ya toshe da ɓaraguzai, ka iso bakin ƙofa a ce ba ka da kati. In ma Allah ya sa ka shiga, ka tarar da ɗaki cike da baƙin da suka sauka makon jiya, suna raba unguwarku a kan taswira cikin harshen da ba ka ji. Wata guda bayan girgizar, shi kansa babban jami'in agaji na Majalisar na lokacin, John Holmes, ya rubuta wa abokan aikinsa wasiƙar nuna takaici kan raunin daidaitawar.

Ranar 31 ga Maris 2010 aka taru a New York aka yi alkawarin fiye da dala biliyan 5 na shekarun farko, aka kafa hukumar wucin gadi ta farfaɗo da Haiti, wadda aka ɗauko samfurinta daga Aceh, gama Bill Clinton, wanda ya shugabance ta tare da firayim minista Jean-Max Bellerive, shi ne wakilin Majalisar na musamman a aikin tsunami. An ɗauko riga, an bar mai rigar. Hukumar Aceh ta 'yan ƙasa ce, baƙi ke zuwa wurinta. Ta Haiti kuwa rabin kujerunta na baƙi ne, har a watan Disamba na wannan shekara wakilai 12 'yan Haiti suka rubuta takardar koke cewa an mai da su 'yan kallo. Da wa'adinta na wata 18 ya cika a Oktoba 2011 ba a sabunta shi ba. Ofishin wakilin Majalisar na musamman kan Haiti da kansa ya lissafa cewa abin da ya bi ta hannun gwamnatin Haiti daga kuɗin agajin gaggawa bai wuce kimanin kashi 1 cikin ɗari ba. A 2015 wasu 'yan jaridar Amurka suka bincika suka ruwaito cewa ƙungiyar Red Cross ta Amurka, wadda ta tara kusan dala rabin biliyan da sunan Haiti, gidaje na dindindin guda 6 ta gina. Ƙungiyar ta kare kanta da cewa ta taimaki jama'a masu yawa ta wasu hanyoyi, kuma rikicin mallakar filaye ya tare mata gaba. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya, amma shi ne ainihin hujjata, domin rikicin fili sai mai gari. A kan wannan duka kuma sai ga kwalara a watan Oktoba 2010, wadda ta fito daga wani sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar, ta bi kogin Artibonite, ta kama fiye da mutum 800,000, ta kashe kusan 10,000. Sai a Disamba 2016 babban sakataren Majalisar na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi gafarar mutanen Haiti.

Mai adalci zai ce, ai ba a haɗa su ba, domin Indunusiya babbar ƙasa ce wadda babban birninta bai ji ko girgiza ba, Haiti kuwa kanta aka sare. Na yarda. Amma in mai gida ya karye, maslaha ita ce a ɗaure masa ƙafa, a zaunar da shi a zaurensa, a riƙa kawo masa magana, ko da hakan zai jawo jinkirin mako biyu. Abin da aka yi a Haiti shi ne aka kewaye shi, aka kuma ɗebe ƙwararrun ma'aikatansa da albashin da gwamnati ba ta iya biya, sa'an nan aka dawo ana cewa gwamnati ba ta da mutane.

Mu kuma wannan magana ba labarin nesa ba ne a gare mu. Cikin daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10, madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri, ya ci Gwange da Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya raba ɗaruruwan dubban mutane da gidajensu, shekara 30 cif bayan irin wannan ambaliya ta 1994. A wannan daminar ce kuma ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Maraɗi, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Kafin nan mun ga ta 2012, mun ga ta 2022 wadda ta ci fiye da rai 600 a Nijeriya. Hukumomi kuwa ba mu rasa su ba: akwai NEMA tun 1999, akwai hukumomin agajin gaggawa na jihohi, akwai Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, ga ƙungiyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya, ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, ga attajirai da 'yan siyasa, kowa da tirelarsa.

Na taɓa tsayawa a wata makarantar firamare da aka mayar sansani bayan ambaliya, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba. Mai unguwa ya zaunar da ni a kan benci ya nuna mini littattafan rubutu uku irin na 'yan makaranta, ya ce cikin mako guda ƙungiyoyi uku sun zo, kowacce ta sa an jera mutane a rana an rubuta sunaye daga farko, ba wadda ta yarda da rubutun 'yar uwarta. Wata baiwar Allah a ajin da ke kusa tana da bokiti uku da gidan sauro biyu, domin kowace ƙungiya bokiti ta kawo, amma masai biyu ne kacal a makarantar duka, sun kuwa cika, yara suna zagayawa bayan katanga. Da na tambaye shi labarin ƙauyen da ke hayin gadar da ta karye, sai ya yi shiru, can ya ce, “Malam, su ai mota ba ta zuwa.” Ban ga ɓarawo a wannan sansani ba, kowa da na gani yana gumi ne don Allah.

Yanzu kuma da kuɗin agajin duniya ya ja baya, musamman tun da Amurka ta rushe hukumarta ta USAID a 2025, bokiti na uku da aka ba mutum guda, abincin wani ne aka hana shi. Tun 2016 aka yi alkawari a babban taron Istambul cewa kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyi da hukumomin gida kafin 2020, shekarar ta zo ta wuce ba a cika ba. Laifin masu alkawari a fili yake. Amma mu ma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, baƙo ba zai ajiye littafinsa ya ɗauki namu ba matuƙar ya san cewa namu ana cusa sunayen 'yan jam'iyya da dangin kansila a cikinsa, ko kuwa shinkafar da aka sauke a rumbu jiya za a gan ta a kasuwa jibi. Kuntoro bai sami biyayyar baƙi don darajar minista kaɗai ba, ya same ta ne don ya buɗe lissafinsa kowa ya gani.

Saboda haka kirana ga gwamnoninmu da shugabannin hukumomin agaji na jihohi shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi da hukumar kula da koguna suna fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu, tun kafin ruwan farko. A tsakanin fitowar wannan hasashe da watan Agusta, a zauna da hakimai da dagatai da bulamai da masu unguwa, da limamai da shugabannin mata, a rubuta gidajen da ke bakin ruwa, gida gida, a sa makarantar da kowace unguwa za ta fake a cikinta, a haƙa mata masai tun ƙasa na bushe. A kira ƙungiyoyin da ke aiki a jihar, na waje da na gida, a yi taron da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, a sa tafinta ga baƙo. A ce musu littafi ɗaya ne, ga shi, za a liƙa kwafinsa a bangon sakatariya. Wanda ya kawo ko da bargo goma ne ya rubuta inda ya kai su, mai girma gwamna ma in ya kawo nasa ya rubuta.

Kai kuma mai sauraro, in gidanka yana kusa da kogi ko a ƙasan wata madatsa, ka je wurin mai unguwarku cikin makon nan ka tambaye shi ko an rubuta sunanka, kuma a hannun wa littafin yake. In ya ce babu littafi, ku tafi tare wurin hakimi.